Bindigar Mai Takaba

"Kawar da ƙarfen nan kafin in zauna," in ji wan mijinta, yana tsaye a bakin falo.

Ba ta kawar ba. Kwana goma sha biyu ke nan da 'yan bindiga suka harbe mijinta a gonarsa ta bayan Rigasa, kuma tun ranar sadakar uku bindigarsa ta farauta ke kwance a cinyarta, ƙarƙashin hijabi. Da ita take karɓar gaisuwa. 'Ya'yanta mata uku har sun daina kallo.

"Mai takaba da 'yar wuƙa aka san ta," ya ce. "Ke kin mayar mana da gidan makoki bariki. Mata na tsoron shigowa, ana zagin zuriyarmu a unguwa. Wane ɓarawo ne zai shigo miki da rana tsaka?"

"Sannu da zuwa, Yaya. A kawo ruwa?"

"Sha abinki. Miƙo ta nan, kayan gado ce."

Ta saurare shi har ya gaji don kansa. Sannan ta ɗaga kai, ta dubi bayan kafaɗarsa. A tsakar gida wani mutum na durƙushe a gindin katanga, ya ja igiyar awo daga zaure har ƙofar ɗakin 'ya'yanta. Dillalin gidaje ne, kuma tare suka zo.

Ta yaye hijabin daga bakin bindigar.

"Yaya, ce wa baƙonka ya naɗe igiyarsa."

Dillalin bai jira a isar masa da saƙo ba. Ya fara naɗewa a hankali, yana ja da baya.