Minti Takwas a Bakin Ƙofa

A gidan wasan waƙa na opera namu da ke Parma, a Italiya, da makaɗa sun fara kiɗan buɗe fage nake rufe ƙofa. Wanda ya makara sai ya jira minti takwas, har kiɗan ya ƙare. Yau Osvaldo ne, daɗaɗɗen ɗan kallonmu, kai fari fat, yana murza hula.

"Da gangan na makara, Nerina. Ki aure ni."

Goge na kuka a ciki. Na riƙe ƙofar gam.

"Shekara ashirin da uku ka san inda nake tsayawa. Sai da gwiwoyinka suka mutu? Mai jinya kake nema, Sinyor Osvaldo."

Ya sunkuyar da kai. Tafi ya ɓarke, na buɗe ƙofa, na yage gefen tikitinsa na miƙa masa.

"Layi na huɗu. A kula da matakala."