Muryar da Ta Ƙi Komawa

Ranar da aka zare audugar ƙarshe daga kunnen Inna Aina'u, duniya ta cika mata da ƙara. Dakan maƙwabta ya koma kamar ana dukan langa, kukan zabi kuwa har cikin haƙoranta take jin sa. Likitan da ya yi mata aiki a Kano dama ya faɗa: ramin kunnen da ya toshe an buɗe shi, an faɗaɗa, dole sauti ya canza, amma a hankali za ta saba.

Ta kuwa saba. Kafin a gama yankan gero, kiran sallar ladan ya koma yadda ta san shi, muryar 'yarta Asama'u ma haka. Murya ɗaya ce ta ƙi komawa, kuma saboda ita ta yarda aka sa mata wuƙa.

Shekara shida ke nan babban ɗanta Fatihu yana Libiya. Duk Juma'a bayan la'asar yakan kira, ta manna wayar a wannan kunnen, don ɗayan ya mutu tun tana budurwa. Muryar takan zo a dushe amma da daɗi, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya tambayi jar akuyar nan mai ɓarna. Yanzu muryar ta bushe, ta yi kaushi, tana katsewa a tsakiyar zance. Rannan har cewa ya yi a gaishe masa da maƙwabcinsu Malam Yahya, wanda ya shekara uku da rasuwa.

Abin ya hana ta sakat. Ta goge wayar da bakin zani, ta aro ta Asama'u, ta toshe rabin kunnen da yatsa ko tsohon jin zai dawo. Ƙaramin ɗanta Abdulkabir, wanda a da ba a ganin ƙeyarsa a gida yammacin Juma'a, yanzu shi ke riƙe mata wayar, kansa a ƙasa.

"Likitan nan ya ɓata min kunne," in ji ta. "A mai da ni ya gyara."

Aka mai da ita. Likita ya haska, ya ce ciwo ya warke sarai, sake taɓa wurin kasada ce, tana iya rasa jin gaba ɗaya. To, Inna idan ta kafe, ko maigari sai dai ya haƙura.

"Jin da ba zai kawo min muryar ɗana ba, uban me zan yi da shi? In kai ba ka yi, akwai wanzami a garin Kunci."

Asama'u ta yi magiya har ta gaji. Safiyar Talata Inna ta yafa mayafi za ta wajen wanzamin, ta fito tsakar gida tana kaiwa da komowa. Abdulkabir ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce bari ya fito da babur.

Bai jima da fita ba wayar ta yi ƙara.

"Inna, kin tashi lafiya?"

Ta zauna a kan turmi. Ita ce, muryar nan ce da taushinta, ba abin da ya ragu. Daɗi ya sa ta hawaye.

"Fatihu, ka dawo min."

Sai dai kunnen yanzu ba na da ba ne. Ta ɗan janye wayar don ta share fuska, muryar ba ta yanke ba, tana tahowa daga bayan rumbu. Ta miƙe a hankali ta zagaya.

Abdulkabir ne a tsugune, waya a kunne. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe min, Inna. Shekara shida ba mu san inda Yaya yake ba, ni nake kiran ki. Kina asibiti aka sako shi daga kurkuku. Muryar da kike so a gyara ɗin, ita ce ta Fatihu."