Ranar da Baba ya kwanta a kaina

Ina ɗan shekara tara, muna Arfa bayan Hajji, ni da Baba muna naɗe tantunan wani Balarabe. Da la'asar sai wani jirgi marar farfela ya wuce ta kanmu. Sai da ya ɓace sannan ƙararsa ta tsaga sama.

Baba ya tunkuɗe ni ƙasa ya kwanta a kaina. Har yau ina jin warin rigarsa, gumi da ƙurar tanti.

Mai tantunan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira Baba da sunan da Larabawa ke kiran mu baƙaƙen fata. "Ya Takruni, tashi! Jirgin yaƙinmu ne, abokan Sarki suka ba mu."

Ni ma na yi dariyar, don kada a haɗa ni da Baba.

Baba ya karkaɗe mini yashi a ka. "Abokan Sarki ne, ɗana, ba nawa ba. A Sudan, muna hanyar zuwa nan, jirgi ya kashe yayanka. Shi ma wasu abokai ne suka bayar."

Sai ranar na san na taɓa yin yaya.

Abokan sun sauya ban san sau nawa ba, jiragen ma haka. Ni dai dariyar nan ce ta tsaya mini a rai. Baba ya rasu ban roƙe shi gafara ba.