Akuyar Inna Tabawa

Tun da aka raba wa mata awaki masu jinin gizo-gizo, waɗanda ake fitar da zaren siliki daga nononsu, Inna Tabawa ba ta taɓa tunanin yanka tata ba. Amma gobe sunan jikanta, babu rago, mahauci kuwa ya ƙi taɓa akuyar. Ta ja ta har zauren Malam Sidi.

"Malam, ta halatta?"

Ya daɗe yana juya littattafai. "Ban sami hukuncinta ba, Inna. Kada a ci tukuna."

"Ai nononta mai jegon ta sha har ta haihu."

Malam ya ɗago. "Yaron lafiya?"

Sai Inna ta tuna. Da safen nan ta share wa yaron wani farin abu a baki, yana ta miƙewa bai tsinke ba.