Hoton da Ba Shi da Suna

Da tsakar rana layin masu awon ciki ya ƙare. Mai ɗaukar hoton ciki ta kashe na'ura, ta wanke hannu, ta nufi ofishin babban likita da hotuna huɗu.

Shekara goma sha biyu tana wannan aiki, sau ɗaya ta taɓa cin karo da irin wannan: ƙari a ƙarshen ƙashin bayan ɗan tayi. Wancan karon ba ta gane shi ba. Ta rubuta lafiya lau, aka sallami matar. Ranar haihuwa ƙarin ya fashe, jaririyar ko kuka ba ta yi ba. Har yau takan ji muryar matar a bakin ƙofa tana yi mata godiya. Tun daga nan duk cikin da ya zo gabanta sai ta bi ƙashin bayan har ƙarshe, sau biyu. Abokan aiki har tsiya suke mata, wai wutsiya take nema.

Likita ya daɗe yana kallon hotunan. Cikin wata biyar ne, ƙarin ya kai girman ƙwai. Ya ce idonta ya yi aiki. Tunda an gani da wuri, za a riƙa dubawa duk mako, a sa ido kan zuciyar yaron, a ciro shi ta tiyata kafin naƙuda, sannan a cire ƙarin. Wasu sukan tashi har su yi ta guje-guje. Wasu kuma, sai ya mayar da ido kan hotunan.

Ya tambayi tarihin mai cikin. A tsaye ta ba shi amsa, ba ta duba kati ba: shekara talatin da takwas, ɓari uku, wannan ne na farko da ya wuce wata huɗu. Ko mahaifiyarta ba ta sani ba tukuna. Mijin kuwa har ya sayo gadon jariri ya ɓoye a gidan ƙaninsa.

"Kin gaya mata?"

"Ta sani, likita."

Ya juya hotunan gaba da baya. "Babu suna, babu lambar kati. Ba halinki ba ne. Je ki shigo min da ita."

Ta taka zuwa ƙofa, ta tura ta rufe. Sannan ta cire farar rigar aikinta, ta ninke, ta zauna a kujerar marasa lafiya.