Tsagar Kunci Ɗaya

Karo na uku ke nan Kouloussoum tana zagaya titin High Point Road da mota, tana neman shagon naman da aka kwatanta mata. Takardar na kan kujerar gefe, har ta yi laushi don yawan naɗewa da warwarewa.

Hoton wata jaridar Jamaika ce ta shekara ɗari biyu da suka wuce. Wani mai gonar rake ke cigiyar baiwarsa da ta gudu da goyo a baya, gudu na uku. Bai damu da sunanta na gida ba, amma ya kwatanta fuskarta: tsaga uku a kuncin hagu, ɗaya ta gitta su, kuncin dama ba komai.

Shekara biyu Kouloussoum ta yi tana rubuta kundin digirinta a kan matan nan da suka sari rake da tsohon ciki. Amma wannan ce ta hana ta sakat, don ta san tsagar. Ita ce a fuskar Inna Aissa, tsohuwar da ta goya ta a Maraɗi, ta goya babanta ma. Inna mai ɗaki kusa da murhu, wadda ba ta sa loma sai kowa ya ƙoshi. Duk gidan kaka ake ce mata.

Sai Kouloussoum ta zauna ta rubuta babi guda, cewa matar Bahaushiya ce, kuma jininsu ce. Ai gidansu, gidan Madugu Chaïbou, fatake ne masu zuwa Gwanja sayo goro, me zai hana a ce an sace musu 'ya a hanya? Ta so matar nan ƙwarai, ta kuma yi alfahari da ita har a gaban matan masallaci. Malaminta, Farfesa Gregory, ya ce labari ya yi daɗi, amma in babu shaida zuwa Litinin, babin zai fita daga kundin.

Da ta samu shagon, shaidar kuwa tana tsaye a bayan teburin nama, sanye da farar riga mai ɗigon jini. Malam Issaka wanzami ne gaba da baya, zaman Amurka ne ya mai da shi mai yankan nama. Ta rusuna ta gaishe shi. Ya goge hannu ya karɓi takardar, ta fassara masa, ya sa ta maimaita. Ya tambayi 'yar wane gida ce, ta faɗa masa kai a sama. Daga nan tsoho ya shiga kewaye-kewaye, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu, ya ce a kawo mata shayi.

"Baba, zuwa Litinin fa aka ba ni. Tsagar gidanmu ce ko ba ita ba ce?"

"Ta gidanku ce. Kakannina ne wanzamanku, askarmu ce ta yi ta."

Daɗi ya kama ta har idonta ya cika. Ta kunna rakoda, ta roƙe shi ya sake faɗa, ya haɗa da sunan garin da ke yin irinta.

Malam Issaka ya dubi rakodar, ya dube ta.

"To, 'yata, ba ta da gari. Kin taɓa ganin ta a fuskar babanki? Ba 'ya'yan Madugu ake yi wa ba. Bayinsa ake yi wa, waɗanda ya ajiye da waɗanda ya sayar."