Katangar Shagon Tafarnuwa

Yau ga tsohon maigidana tsugune a ƙofar injin niƙana a Wurno, babbar riga tana sharar ƙasa, murya ta yi laushi: "Ɗana, mi ya nuna maka wagga hanya?"

Wai ɗana! Duk shekarun da na yi ina ɗinke buhunan tafarnuwa a shagonsa, "kai" ne sunana. Tsoronsa ɗaya ne, kada ma'aikaci ya san masu saye ya ƙwace masa ciniki. Sai ya ja katanga a tsakiyar fili. Shi da baƙinsa a gaba kan kujeru, mu a baya, wurin shara da motocin da ke jiran lodi.

Bai san mai saye shayi kawai yake sha ya tafi ba, direba kuwa nan yake yini, kuma bakinsa ba ya rufuwa. A wurin direbobin na ji cewa ƙananan tafarnuwar da yake sa mu zubar, garinsu ake nema ido rufe a kudu. Da na roƙe shi su, dariya ya yi, wai na rage masa shara. Da su na fara niƙa ina sayarwa.

Yanzu motocin nan a ƙofata suke layi.

Na dube shi, yana fifita da hula.

"Alhaji, ai kai ka gina makarantar," na ce. "Ka zuba mu ciki, kai ka zauna waje kana gadi."